Cikin masu rai, wa ya cancanci Kyautar Abinci ta Duniya?

Malam Sani (Minjibir): Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana da nake so mu baje ta a faifai kafin roron wake ya ɗauke hankalin kowa. Duk shekara cikin watan Oktoba ana miƙa Kyautar Abinci ta Duniya a jihar Iowa ta Amurka. Norman Borlaug ne ya kafa ta a 1986, don Nobel ba ta da rukunin noma. Shi kansa ta zaman lafiya aka ba shi a 1970, alhali aikin alkama ya yi. Kuɗin kyautar yanzu dala 500,000 ne. Akinwumi Adesina ya karɓe ta a 2017, Gebisa Ejeta ɗan Habasha kuma a 2009 saboda dawar da ke jure fari da ƙuduji. To cikin waɗanda ke raye yau, wa ya kamata a kira sunansa wata rana? Sharaɗina ɗaya ne: aikin mutum ya zama abin da za ka nuna da yatsa a gona, ko a rumbu, ko a kasuwar Kano da Jigawa. Wanda aikinsa bai bar takarda ba a ajiye shi tukuna.

Alhaji Garba (Dawanau): Wa'alaikumus salam. Malam, ai ba sai an wahalar da kai ba, a ba masu buhun PICS, buhun nan mai rufi uku na ajiye wake ba tare da magani ba. Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka ne ya faro binciken tare da masanan Kamaru a Marwa tun ƙarshen shekarun 1980, a 2007 aka samu kuɗin yaɗa shi a Afirka ta Yamma, daga baya Dieudonné Baributsa ya riƙe aikin. A nan Kano ma ana yin buhun. Duk wanda ya san wake ya san noma shi ba ya kai ajiye shi wuya. Ƙwaron da ke huda wake tun daga gona yake biyo shi, macen ta manna ƙwai a bayan ƙwaya, cikin kamar wata guda wani zubin ya fito, 'yan watanni kaɗan ka kwance buhu ka tarar da huji da gari. Shi ya sa manomi ke rabuwa da wakensa da kaka a wulaƙance, ya dawo da bazara ya saya da tsada. Wanda ya ƙi sayarwa kuma sai ya koma ga fiya-fiya da ƙwayar hayaƙi. Kun dai tuna a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da ta samu a ciki. Wannan buhu ko ɗigon magani ba ya so.

Auwalu (Bichi): Baba Alhaji, a gafarce ni, amma buhu fa buhu ne. Leda biyu da buhun saƙa ɗaya. Ina abin ba da rabin miliyan na dala a nan? Kakanninmu ma suna cakuɗa wake da toka ko yashi su liƙe bakin tulu da laka.

Dokta Habu (Dutse): Auwalu, dabarar toshe iska tsohuwa ce, wannan gaskiyarka. Abin da binciken ya ƙara shi ne awo. Kowace leda kaurinta maikiron 80 ne, wato bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kuma da gangan aka yi ta biyu: iskar da ta samu ta ratsa ta farko sai ta tarar da ta biyu, in ɗaya ta huje ɗayar ta riƙe. Buhun saƙar na waje ɗaukar nauyi ne aikinsa kawai. A iskar da muke shaƙa oksijin kashi 21 cikin 100 ne. Da an ɗaure buhu, ƙwarin da ke ciki su da kansu za su shanye ta cikin 'yan kwanaki, ta faɗi ƙasa sosai. Daga nan su daina ci, su daina haihuwa. Wani abin sha'awa da Murdock da abokan aikinsa suka gano shi ne, wannan ƙwaro yawancin ruwan jikinsa daga sarrafa abincin da ya ci yake samu, sarrafawar kuma sai da oksijin. Ashe ƙishirwa ce ke ƙarasa shi. Tulu ba ya ɗaukar kilo 100, ba a loda shi a mota, toka kuma sai ka samu kusan yawan waken kafin ta yi aiki.

In dai za a ba da kyauta a kan wannan buhu, a sa sunan Ibrahim Baoua, masanin ƙwari na Maraɗi. Gwaje-gwaje da dama da suka tabbatar da buhun a hannun manoma shi da abokan aikinsa suka yi su a Nijar. Yana kuma cikin masu kiwon ɗan ƙaramin zanzaron nan da ake saki a ƙauyuka ya kashe tsutsar da ke yi wa zangarniyar gero zane.

Alhaji Garba (Dawanau): Bari in ƙara, don masu cewa sun gwada bai yi ba yawanci ga inda suke kuskure. Wake ya bushe ƙarau, ka ciza ka ji ƙas. In kana shakka, zuba shi a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri ka girgiza. Gishiri ya manne a jikin kwalba, to a mayar da shi shanya. A sheƙe shi a fitar da tsakuwa da guntayen kwanso, su ne ke huda leda. Kafin zubi a cika kowace leda da iska a matse bakinta a ji ko tana yoyo. A fara zuba 'yan kwanoni a leda ta farko don ta zauna, a sa ta cikin ta biyu, a sa su cikin buhun saƙa, sannan a cika, a bar wurin ɗauri. A matse iskar da ta rage, a murɗe bakin ledar ciki, a naɗe shi biyu, a ɗaure. Ta biyu ma haka, buhun waje ma haka, kowanne da igiyarsa. Masu haɗa ukun su ɗaure wuri ɗaya sun ɓata aikin. A ɗora a kan katako, kar ya jingina da bango, kar rana ta doke shi, a kuma yi maganin ɓera. Wanda zai riƙa kwancewa duk sati ana ɗiban na alala, gara ya ware na ci daban. In an lallaɓa shi yana yin shekara uku.

Auwalu (Bichi): Na karɓa. Amma ni nawa ɗan gida ne: Farfesa Mohammad Ishiyaku na cibiyar binciken noma ta IAR Samaru, wanda ya jagoranci fitar da irin waken SAMPEA 20-T a Disambar 2019, aka ƙaddamar da sayar da irin a Kano a 2021. Tsutsar Maruca da ke cin fure da kwanso an daɗe ana neman irin waken da ke jure ta, an tantance dubban iri a rumbun IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, ba a samu mai juriya ta kirki ba. Sai aka ɗauko ƙwayar halitta daga wata bakteriya ta ƙasa da ake kira Bt aka sa wa wake. Mai feshi shida zuwa takwas ya koma biyu. Ku lissafa kuɗin magani, da na mai feshi, da gubar da yake shaƙa ba takunkumi.

Baba Ɗanjuma (Ɗambatta): Yaro, abin da tsutsa ta ci ta mutu, mu in muka ci fa? Kuma an ce irin nan in ka shuka bana ba ya fitowa baɗi.

Dokta Habu (Dutse): Baba, Allah ya ƙara lafiya. Sinadarin da ƙwayar halittar Bt ke sa waken ya samar, sai ya tarar da wurin kamawa a hanjin tsutsa yake aiki, hanjin mutum da na akuya ba su da wannan wurin. Shi ya sa ma ba ya taɓa sauran ƙwarin wake, kamar ƙananan nan da ke kaɗe fure da masu tsotse kwanso, feshi biyun da aka bari dominsu ne. Wanda ya ji an ce wake mai maganin kansa ya jingine famfon feshi gaba ɗaya, zai ga fure a ƙasa ya ce iri ne ba kyau. Batun fitowa kuwa, yana fitowa. Wake kansa yake yi wa barbara, ɗansa yana kama da uwarsa. Illar ajiye iri shekara da shekaru ita ce gauraya da wasu a masussuka. Haɗarin gaske shi ne tsutsar ta saba da sinadarin in kowa ya shuka shi kaɗai, don haka ake so a bar waken gargajiya a kusa, tsutsar da ba ta saba ba ta riƙa haɗuwa da wadda ta fara sabawa.

Malam Sani (Minjibir): Auwalu, ina girmama Farfesa ƙwarai, amma a ganina lokacinsa bai yi ba, kuma dalilina biyu. Na farko shekaru. Yuan Longping ɗan China ya fitar da shinkafarsa mai aure a shekarun 1970, sai 2004 aka ba shi. Ejeta ya fitar da dawarsa ta farko a Sudan a farkon shekarun 1980, masu jure ƙuduji a 1994, kyauta sai 2009. Alƙalan suna jira su ga iri ya cika gonaki. SAMPEA 20-T har yanzu manomi a ƙauye yana tambayar inda zai samu na gaske. Na biyu, hannaye sun yi yawa a kansa. T.J. Higgins na Ostireliya ne ya shigar da ƙwayar halittar cikin wake, gidauniyar fasahar noma ta Afirka, AATF, ta samo izinin amfani da ita, uwar irin kuma SAMPEA 10 ce, wato IT97K-499-35 da B.B. Singh ya fitar lokacin yana tashar IITA ta Kano, wadda gonar gwajinta ke nan Minjibir. Juriyar ƙudujin da ke cikinta ma daga wani waken gargajiya na Botswana aka samo. To wa za a ɗaga, wa za a bari?

Auwalu (Bichi): Malam, a 2016 mutum huɗu suka raba ta a kan dankali mai jan ciki da sauran amfanin gona masu ƙarin sinadarai. Ana iya rabawa.

Malam Sani (Minjibir): Ana iyawa, amma asalinta ta mutum ɗaya ce, rabawa sai da hujja mai ƙarfi.

Hajiya Binta (Kiyawa): Sallama gare ku malamai. Kun tsaya a gona da rumbu, ni bari in kai ku asibitin sha-ka-tafi ranar awon yara. André Briend, likitan abinci na yara ɗan Faransa, shi ya haɗa abincin tamowa na leda a 1996. Kafin nan yaron da ya rame sai an kwantar da shi ana dama masa madara ta musamman, wadda ke buƙatar ruwa mai tsabta kuma take lalacewa cikin sa'o'i. Uwa ta bar gida da sauran yara makonni, gadaje kuma ba sa isa. Shi sai ya cire ruwan gaba ɗaya: markaɗaɗɗiyar gyaɗa, garin madara, sukari, mai, da sinadaran bitamin. Inda ba ruwa ƙwayar cuta ba ta yaɗuwa, ba a dafawa, ba a sa wa a firji. Leda ɗaya giram 92 ce, ƙarfin kalori 500. A yunwar Nijar ta 2005 aka ga aikinsa a Maraɗi, a 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince a riƙa jinyar irin waɗannan yara a gida.

Yadda ake yi: yaro daga wata 6 zuwa 59, a auna damtsensa da tef, in ya gaza santimita 11.5 ya shiga jan layin tef ɗin, wato tamowa mai tsanani. A danna bayan ƙafafunsa biyu a ga ko yatsa ya bar rami. A ba shi ya ɗanɗana a gaban ma'aikaci. Wanda ya ƙi ci, ko yake da zazzaɓi mai zafi ko kumburi sosai, na kwanciya ne, ba na gida ba. Wanda ya ci sai a ba uwa na sati gwargwadon nauyinsa. Katan ɗaya leda 150 ne, kusan abin da yaro ɗaya zai sha ke nan cikin sati shida zuwa takwas. Inda ake samun matsala: a raba wa yayyensa saboda daɗi, a dama shi cikin koko a ajiye, a manta da ba yaro ruwan sha alhali abin yana sa ƙishi, ko kuma a gan shi a tiren mai talla. Ina ƙaunar wakenku, amma buhu dukiya yake ceta, wannan kuwa rai.

Alhaji Garba (Dawanau): Hajiya, ba na ja da ke. Sai dai wannan magani ne bayan ɓarna ta auku. Kuma abin takaici, ƙasar dalar gyaɗa ce ke jiran a kawo mata gyaɗa a leda.

Dokta Habu (Dutse): Alhaji ya taɓo wani suna ba tare da ya sani ba. Babban abin da ke sa masu haɗa irin wannan abinci su ƙi gyaɗar kasuwa shi ne gubar funfuna, aflatoksin, wadda ke lalata hanta, wadda ta kashe mutum 125 a Kenya a 2004 ta hanyar masara. Ranajit Bandyopadhyay na IITA da Peter Cotty na Amurka su suka kawo Aflasafe. Funfunar ce dai, amma jinsin da ba ya yin guba, nau'i huɗu da aka tsinto daga ƙasar Najeriya, aka shafa a jikin gasasshiyar dawa aka rina ta shuɗi. Kilo 10 ake watsa wa hekta, sati biyu zuwa uku kafin fure, ƙasa da danshi. Mai kyau ta riga mai guba kama wuri, gubar ta ragu da kashi 80 ko fiye. Kuskuren da aka fi yi shi ne a watsa sannan a zo a yi huɗa a binne ta; sai an gama duk wani aikin fartanya ake watsawa. Abin da ya hana ta yaɗuwa kuwa, guba ba ta ganuwa da ido, kasuwa kuma kuɗi ɗaya take saye da mai guba da marar guba.

Malam Haladu (Maigatari): Ku da ke kudu ba ku san zafin rairayi ba. Ni Nobel ta zaman lafiya ma nake nema wa nawa, irin wadda aka ba Wangari Maathai a 2004 a kan itatuwa. Tony Rinaudo ɗan Ostireliya ya yi shekaru yana dasa itace a yankin Maraɗi suna mutuwa, sai a 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturan da saiwarsu ke raye a ƙasa. Mutanen can sassabin zamani suke ce masa. Da sassabe ka zaɓi kututturen gawo, ko kalgo, sabara, aduwa, magarya. Ka bar rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran. Waɗanda ka bari ka aske musu ƙananan rassa zuwa rabin tsayi, da kaifin lauje ko adda, sara daga ƙasa zuwa sama don kar ɓawo ya tsage. Ka ɗaura ƙyalle a san da mai shi, ka koma bayan 'yan watanni ka sake gyarawa. Ba reno, ba ban ruwa, don saiwar ta riga ta kai ga danshi. Hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a Nijar. Gawo kuwa kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye, gero a ƙarƙashinsa ya fi na fili.

Abin da ke kashe aikin ba fari ba ne. Sakin dabbobi da rani ne, da masu gawayi da dare, da kuma in manomi bai tabbata itacen da ya rena nasa ba ne. A Nijar ma sai da mutane suka ga za su sari abinsu ba a ci su tara ba sannan abin ya kama. An ba Rinaudo kyautar Right Livelihood ta Siwidin a 2018, tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso mai ramukan zai, wato ramukan shuka masu tara ruwa da taki, wanda ya rasu a 2023.

Baba Ɗanjuma (Ɗambatta): To ni abin da na lura, in ban da Farfesa da mutumin Maraɗi, duk baƙi kuke ta lissafowa. Barin gawo a gona Bature ne zai koya wa Bahaushe?

Malam Haladu (Maigatari): Baba, ko kusa. Iyayenmu sun san shi, an bari ne aka koma share gona fes. Kuma miliyoyin itatuwan nan manoma ne suka rena su, ba shi ba. Sai dai kyauta suna take nema, ba a rubuta "manoman Maraɗi da Damagaram" a kan lambar Kyautar Abinci. Nobel ta zaman lafiya ce ake iya ba ƙungiya, kamar yadda aka ba hukumar agajin abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, WFP, a 2020.

Hajiya Binta (Kiyawa): Baba, ɗan gida ma ya taɓa ciyowa. Mohammed Bah Abba, malami a Dutse, an ba shi kyautar Rolex ta dala 75,000 a shekarar 2000 a kan tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a baki, a ƙara ruwa safe da yamma. Da rani take aiki, da damina iska ta riga ta ƙoshi da ruwa ba ta jan komai. Ya rasu a 2010, Allah ya jiƙansa. Shi ya sa maganar masu rai take da muhimmanci. Nobel ba a ba mamaci, Kyautar Abinci kuma sai wanda ke da lafiyar zuwa ya karɓa da hannunsa.

Dokta Habu (Dutse): Amin. Kuma ku sani ba alƙalai ne ke yawo suna neman gwani ba, kai masa sunan ake yi. Ta Abinci, mutum ba ya tsayar da kansa. Jami'a, cibiyar bincike, kamfani ko hukumar gwamnati ce ke gabatarwa, ana rufe karɓa ranar 1 ga Mayu. Ke nan BUK, ABU ko Jami'ar Tarayya ta Dutse duk suna da hurumi. Ana son bayanin abin da mutum ya yi shi da kansa, da wasiƙun goyon baya daga masana, da shaidar yawan mutanen da abin ya shafa. Ta zaman lafiya kuma ana rufewa 31 ga Janairu, ɗan majalisar tarayya ko farfesan tarihi, shari'a, addini ko zamantakewa na iya gabatarwa, kwamitin mutum biyar a Oslo ya yanke, sunayen kuma a rufe su shekara 50. Don haka duk wanda kuka ji yana shelar an tsayar da shi takarar Nobel, wasiƙa ce kawai wani ya aika.

Wurin da takardunmu ke yin rauni shi ne shaidar. "Manoma da yawa sun amfana" ba hujja ba ce. Ana son a ce ƙauyuka kaza aka zaɓa da ƙuri'a, gida kaza aka shiga, kaza ke amfani da abin shekara uku a jere ba tare da an ba su kyauta ba, ga bambancinsu da maƙwabtan da ba sa yi. A wannan ma'auni ni buhun Alhaji da ledar Hajiya nake gani a gaba, don ana iya ƙirga abin da masana'anta ta fitar. Na buhun ma ya ɗan fi ƙarfi ta fuska ɗaya: da kuɗinsa manomi ke saye, ya kuma dawo ya sake saye.

Auwalu (Bichi): To a ba Farfesa shekara goma, za mu dawo wannan zaure. Baba Alhaji, tambaya ta ƙarshe: waken da za a yi iri da shi, in ya kwana wata shida ba iska, zai tsira?

Alhaji Garba (Dawanau): Zai tsira, in dai ya bushe kafin a ɗaure. Danshi ne ke kashe iri a leda, ba rashin iska ba. Kafin shuka ka ƙirga ƙwaya 100 ka jera a jiƙaƙƙen buhun algarara, bayan sati ka ƙirga waɗanda suka fito. Sannan in za ka kai wake kasuwa, juye shi a buhun gama-gari ka bar ledojinka a gida. Ɗan kamasho ba ya tambaya, ƙarfen ɗiban samfur zai soka wa buhun ya huda maka duka biyun.